Fiton Auta a Kurmi

Zuwa ga ɗan kawuna Tela,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da keken ɗinkin nan naka da ya girme ka. Yaya jikin Inna? A gaishe min da ita, a ce mata 'yarta ta sauka lafiya. Ni ma jiki da sauƙi, hawan jinin ya ɗan lafa, gwiwar ce kawai take min tsiya in na daɗe a tsaye.

Ka ga ikon Allah. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a asibiti ina yi wa mutane faɗa su huta, yau ga ni an turo ni hutu ina ta ƙunƙuni. Wanzami dai ba ya son jarfa. Babban ɗana ya ce tunda likita ya ce a nesanta ni da hayaniya, in zaɓi inda nake so ya kai ni. Na zaɓi wani gidan hutu a cikin kurmi.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Bayan kwalta ta ƙare muka shiga jar laka, itatuwa suka yi ta matsowa har suka haɗe a samanmu, direba ya kunna fitila da rana tsaka. Muka haye wata gadar katako da nake jin kukanta a cikin haƙorana. Gidan kuwa ɗakuna ne na katako a kan dirkoki, kowane da barandarsa da ragar lilo ta kwanciya. Ga gidan sauro fari tas, ga kogi a ƙasa ruwansa kamar shayi. Sauran baƙin sai ɗaukar hoto suke yi, ni kuwa ina kwance a raga ina kallon birai suna kallona.

Komai a nan a jiƙe yake. Wanki ba ya bushewa, takalmina ya yi funfuna, gishiri ya zama ruwa a kwano. Waya ba ta kamawa ko ka hau rufi, shi ya sa ka ga takarda. Motar kayan abinci tana shigowa sau ɗaya a mako, ita za ta riƙa kai maka ta kawo min.

Wai nesa da hayaniya. Kurmin nan bakinsa ba ya rufuwa, ƙwari da kwaɗi da tsuntsaye kowa na ta nasa. Amma wani lokaci da tsakar rana sai komai ya ɗauke lokaci guda, irin shirun da ɗakin marasa lafiya yake yi in wani ya cika. Ba na son wannan shirun. Manajan gidan ya ce kada in bar hanya sai da mai rakiya, kuma in na ji kamar ana kirana daga cikin itatuwa kada in amsa, kada in bi, wai sauti yana yaudara a nan. Na ce masa ni ko mijina, Allah ya jiƙansa, sai ya kira ya gaji kafin in amsa.

Rigar da ka ce in dawo gobe in karɓa tun bara, ina fata goben ta kusa.

'Yar goggonka,
Uwar Tsiwa

*

Zuwa ga Uwar Tsiwa,

Amin wa alaikis salam. Takardarki ta iso a jiƙe, sai da na shanya ta a kan teburin guga. Muna lafiya, uwargida tana gaishe ki. Kekena kuma ya ce in gaya miki ya fi gwiwarki lafiya.

Goggo tana nan yadda kika bar ta, sai dai abincin ya ƙara raguwa. Cokali kaɗan take yi ta ture kwanon. Idon kuwa kin sani, ko hasken taga ba ta bambancewa yanzu. Uwargida tana kwana wurinta, ni kuma ina leƙawa safe da yamma.

To, yanzu mu zo ga magana. Ni za ki yi wa wayo? Kifi na ganinki, mai jar koma. Duk faɗin duniyar nan, da bakin teku da kan duwatsu, ba ki ga wurin hutu ba sai kurmin da ƙanenki Auta ya tafi aikin yankan katako bai dawo ba? Gadar da kika ce tana kuka, ni na taka ta da ƙafata shekarar da aka tura ni nemansa. Na tarar kamfanin ya tashi, ma'aikata sun watse, babu wanda ya iya ce min ga inda ya nufa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Me za ki gani da gwiwa ɗaya wanda ban gani da biyu ba?

Na san abin da ya kai ki. Na ji abin da Goggo ta ce miki ranar da kika zo sallama, cewa ita ba ta tsoron tafiya, tsoronta ta tafi ba ta san ko ɗanta yana duniya ko yana ƙasa ba. Ni ma ban manta da maganar ba. Har yau ba ta yarda a buɗe ɗakinsa ba, kuma duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa a gabanta ya gama cin abinci a gidan.

Ba zan hana ki tambaya ba, don ko na hana ba ji za ki yi ba. Amma ki sha maganinki, ki bi dokar manajan. Goggo ta rasa ɗaya a dajin nan, ba ni da bakin da zan gaya mata na biyu.

Rigarki saura maɓalli. Ki dawo gobe.

Ɗan kawunki,
Tela

*

Tela,

Gaisuwa a tsaye, direba ya riga ya tada mota, yana jirana ne don na roƙe shi. Ina lafiya. A gaida Inna.

Ka kama ni, ban musa ba. Amma saurara. Ka tuna fiton da kai da Auta kuke yi min a bayan gida in kun makara a yawo, don in zare sakatar ƙofar baya kada Baba ya ji? Gajere, gajere, sai dogo mai karyewa a ƙarshe. Ka tuna yadda na Auta yake fita da 'yar iska saboda wushiryarsa, wanda kai ka yi ta koyo ba ka taɓa iyawa ba?

Yau da hantsi ina kwance a raga, shirun nan ya sauka. Sai na ji shi daga ƙetaren kogi. Na ce kunnena ne. Aka sake. Sannan na ji murya, da harshenmu, a wurin da babu mai jin harshenmu sai ni: "Yaya Tsiwa, buɗe min."

Tela, na ji Auta da kunnena. Muryarsa ce, ba zan ɓata ta ba ko a cikin kasuwa. Ka yi haƙuri da rubutun. Gobe mai rakiya zai ƙetar da ni a kwalekwale.

Uwar Tsiwa

*

Zuwa ga Uwar Tsiwa, mai idon da ya fi nawa,

Alhamdu lillahi! Gaisuwa da murna. Kowa lafiya, yau ma har da wadda kike tambaya.

Na karanta takardarki a shago, ban san lokacin da na bar almakashi a kan yadin mutane na fita ba. Ko takalmi ban sa daidai ba. Na shiga wurin Goggo na durƙusa na ce, "Goggo, albishirinki." Ta ce, "Kai dai ba ka rabo da shirme, wace ce ta haihu?" Na ce, "An ji Auta. 'Yarki ta ji muryarsa da kunnenta, yana ƙetaren kogi, ta tafi ta taho da shi."

Ta juyo da fuskarta wajena. Sai ta lalubo kaina ta riƙe da hannu biyu, ta ce, "Na gaya muku." Shi ke nan abin da ta ce. Uwargida ce ta yi kukan a madadinta.

Ki zo ki ga tsohuwar nan yanzu. Ta cinye abincinta ta nemi ƙari. Ta sa an buɗe ɗakinsa, mun fitar da katifar da ɓeraye suka gama da ita, an share an wanke an sa sabon labule. Ta sa na ɗinka masa kaya, na ce ban san awonsa na yanzu ba, ta ce in ƙara faɗi kaɗan, namiji in ya manyanta yana ajiye tumbi, in dubi kaina. Kullum da safe sai an fito mata da kujera bakin ƙofar falo, tana fuskantar ƙofar gida. Duk motar da ta tsaya a layi sai ta ɗaga kai.

Ki gaya wa ɗan banzan nan babu mai yi masa faɗa. Ko ba shi da komai ya taho haka, ko da mata da 'ya'ya ya kwaso su, gida zai ɗauke su. Ni kaɗai ne zan ɗan murɗe masa kunne, shi ma a bayan gida.

Ku hanzarta. Ki rubuto ranar da za mu zo tasha.

Tela

*

Zuwa ga ɗan kawuna,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyar ce babu daɗi. An yi ta ruwa, mota ba ta shigo makon jiya ba, don haka ban ji daga gare ka ba, kai ma ba ka ji daga gare ni ba. Ka zauna kafin ka karanta.

Mun ƙetare kamar yadda na ce. Mai rakiyar dattijo ne marar yawan magana, yana gaba da adda yana sare ganye, ina biye da sanda. A ciki duhu ne kamar magariba, ƙasa tana nutsewa a ƙarƙashin ƙafa, matsattsaku suna hawa ƙafata ina cirewa. Muka yi tafiya har muka iso wata 'yar sarari inda wata ƙatuwar bishiya ta faɗi. Sai fiton ya tashi a gabanmu. Na buɗe baki zan amsa, sai ya tashi a bayanmu. Sai dama, sai hagu, sai sama. Auta ta ko'ina, Tela. "Yaya Tsiwa, buɗe min. Yaya Tsiwa, buɗe min." Wani bai gama ba wani ya ɗauka.

Na zube a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Mai rakiya ya nuna min sama da addarsa. Tsuntsaye ne. Aku ne, masu launin toka da jar wutsiya, garke guda, sun jeru a kan rassa suna leƙo ni da ido ɗaya.

Na tambaye shi ko ya san abin da suke faɗa. Ya ce ba sa faɗin komai, kukansu ke nan, akun wannan gefen kogin haka suke kuka, har baƙi suna zuwa musamman don su ji. Ka ji fa. Mutane suna ta ɗaukar muryar ƙanena a na'ura suna tafiya da ita ƙasashensu, suna cewa kukan tsuntsu.

Na koma can sau da yawa tun ranar. Ba wannan kaɗai suka iya ba. Akwai masu cewa, "Inna, na kusa dawowa." Akwai kuma masu tari. Na yi aikin jinya tsawon rayuwata, na san tarin mura, na san tarin da ba a tashi daga shi. Wannan na biyun ne, har da jan numfashin da ke biyo bayansa. Aku ba ya ɗaukar abu sai ya ji shi ya sake ji. Ka auna sau nawa ya faɗi waɗannan kalmomi, kuma wa yake gaya wa.

Ban yanke ƙauna ba tukuna. Mai rakiya ya ce akwai wata tsohuwa can sama da kogi da ta taɓa dafa wa masu yankan katako abinci, in ruwa ya ja baya zai kai ni. Kada ka ce wa Inna komai sai na tabbatar.

Ƙari: Mota ta shigo yanzu, na karanta takardarka a tsaye a baranda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tela, me ka yi? Na ce na ji shi, ban ce na gan shi ba! Amma wa zan zarga, ni ce na rubuta a gurguje na ba direba. Ka sa tsohuwa makauniya ta zauna tana fuskantar ƙofa. Ban san abin da zan ce maka ka yi ba. Wallahi ban sani ba.

Uwar Tsiwa

*

Uwar Tsiwa,

Sallama. Muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba.

Takardarki ta tsuntsaye ta same ni. Na karanta na rufe shago na zauna a ciki. Magana zarar bunu ce, na zara, ba ta komawa. Duk zagin da za ki yi min na riga na yi wa kaina, har da ƙari.

Na shiga da niyyar in gaya mata. Na tarar ta sa uwargida ta ɗora mata kayan da na ɗinka a cinya, tana shafa wuyan rigar tana cewa ɗinkin ya karkace. Ta ce, "Yaya, sun taso?" Na ce ruwa ya cinye hanya, Goggo, sai ya janye. Ta ce, "To, ai mun saba jira." Na fito ban faɗa ba. Ki kira ni matsoraci, na amsa.

Ƙarfin da ta samu ya fara zubewa. Ƙafafunta sun kumbura, numfashin yana yi mata nauyi. Likita ya zo ya duba, ya ja ni waje ya ce a kira na nesa. Yanzu ba ta iya zaman kujera, sai muka juya gadonta ya kalli ƙofar ɗaki, kuma ba ta yarda a rufe ta ko ana iska.

Ki bar tsohuwar sama da kogi, ki bar tsuntsayen, ki taho. Uwarki tana da 'ya guda a raye da muka tabbatar, ita nake so ta riƙe mata hannu. In kin zo sai mu san abin da za mu ce, ke kin fi ni iya irin wannan maganar.

Ina tsoro, Tsiwa. Jiya ina ɗinki na kama kaina ina gwada fiton a hankali, sai na yi maza na bari.

Tela

*

Zuwa ga Tela,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna? Takardarka ta ƙarshe ta zo a hannun wani mai kwalekwale, don ruwa ya tafi da gadar gaba ɗaya. Shi zan ba wannan ya kai inda mota take tsayawa, ban san yaushe za ta same ka ba. Na haɗa kayana. Da zarar an sami hanyar da gwiwata za ta iya, ina tafe. Ban kira ka matsoraci ba. Ni ma da ba zan iya ba.

Kafin takardarka ta zo na riga na je wurin tsohuwar. Bukkarta tana kan tudu, ga tsohon sansanin masu katako a ƙasa, kurmi ya cinye shi. Injin zarton yana nan ya yi tsatsa, wata bishiya ta tsiro ta tsakiyarsa. Mai rakiya ne ya yi mana tafinta. Ban ce mata komai ba, na dai yi fiton. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta taɓa haƙoranta na gaba ta nuna wushirya.

Ga abin da ta ce. Ana dab da rufe kamfanin, zarto ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Da kowa ya watse shi ya ƙi tafiya. Ya ce ya bar gida da alkawarin zai gina wa uwarsa ɗaki, ba zai koma da hannu a gutsure kuma babu komai a cikinsa ba, sai ya ɗan tara. Lokacin da ka zo nema yana can cikin daji da masu tsintar ragowar gungume, shi ya sa ba ka same shi ba. Kullum cewa yake baɗi. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin mai gadi, da ɗan akun da ya tsinta ya faɗo daga sheƙa, yana ba shi abinci a baki, yana yi masa hira da harshen da babu mai ji. Tsohuwar takan kai masa abinci. Da tarin ya kama shi ta yi ta fama ya je asibiti, ya ce in ya ji sauƙi gida zai wuce gaba ɗaya.

Wata safiya ta je ta ji yana magana a ciki kamar kullum, ta ajiye kwano ta tafi. Washegari ma haka. Sai da ta ga kwanonin ba a taɓa ba ta tura ƙofa. Tsuntsun ne yake maganar. Ita da 'ya'yanta suka binne shi, ta buɗe kejin ta saki akun, ya shiga cikin 'yan uwansa. Ta ce damina da yawa ke nan, jikanta da aka haifa a shekarar yanzu yana zuwa kamun kifi shi kaɗai.

Ta kai ni kabarin. Ta kewaye shi da duwatsun kogi, kuma tana share shi, Allah ya saka mata. Na zauna na yi masa addu'a. Na yi masa faɗa kuma, faɗa sosai, na ce wa ya gaya maka ɗaki muke so, wawa. Ina cikin kuka suka sauko kan rassa suka fara. "Yaya Tsiwa, buɗe min." Manaja ya ce kada a amsa, amma na amsa. Na ce na buɗe, Auta, shigo.

To ga amsar da na zo nema, na samu, kuma ban san yadda zan ɗauke ta in kai ba. Kada ka faɗa mata. Ni na fara, ni zan ƙarasa, da bakina, ina riƙe da hannunta. Ka ce mata ta jira ni.

'Yar goggonka

*

Zuwa ga 'yar goggona,

Assalamu alaiki. Ina fata kina lafiya, ina fata kuma kina hanya. Tun takardarki ta tsuntsaye ban sake samun komai daga gare ki ba, an ce gada ta karye. Na ba babban ɗanki wannan, ya taho ya tare ki a inda kwalta ta ƙare. Na roƙe shi ya bar ni in gaya miki da kaina.

Ki yi haƙuri, Tsiwa. Goggo ta rasu ranar Laraba da hantsi. An yi mata sutura da la'asar, mutane sun taru sosai. Ba ta sha wahala ba. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Zan gaya miki yadda aka yi, don hakkinki ne, kuma don abin ya hana ni sukuni.

Da safen ta ƙi shan komai. Numfashin yana ta yin nisa, tana ta juya fuska wajen ƙofa. Uwargida ta ce min a hankali, "Wannan baiwar Allah jira ne ya riƙe ta." Na tsaya ina kallonta, na ga ni na ɗaura mata wannan jiran, kuma ba ni da abin da zan kwance shi da shi. Sai wata dabara ta zo min, irin dabarata. Na fita na zaga bayan gida, na tsaya a jikin ƙofar baya inda muke tsayawa muna yara. Rana tana dukana, maƙwabciya tana shanya tana kallona. Na yi fiton. Na yi iya ƙoƙarina in sa masa 'yar iskar nan. Na ce ko ba komai ta tafi da jin ya iso.

Na dawo na shiga ɗakin ina sanɗa. Sai na tarar tana dariya, dariya ta gaske, har da tari.

Ta ce, "Tela, zo nan, ɗan nema." Na matsa. Ta ce, "Kuna tsammani ban san fiton nan ba? Ni nake shafa wa sakatar mai don kada ta yi ƙara ta tada maigidan. Kai kuma tun kana yaro ba ka taɓa iya shi ba, naka kamar na buta."

Na durƙusa na ce, "Goggo, ki yafe min, akwai maganar da..."

Ta ce, "Bar wahalar da kanka. Ai ya riga ka. Tun ɗazu ya shigo, ga shi nan zaune wajen ƙafafuna."

Na duba. Babu komai a wajen ƙafafunta sai bargo a ninke. Uwargida ta kama hannuna ta matse. Ɗakin ya yi shiru, ko motar layi ba a ji, na tuna shirun da kika ba ni labari.

Goggo ta miƙa hannu wajen, tana shafa iska a hankali kamar yadda take shafa wuyan riga. Ta ce, "Ka rame. Kayan da aka ɗinka maka za su yi maka yawa." Ta ɗan saurara kamar ana ba ta amsa, ta gyaɗa kai. Sai fuskarta ta canza, ta ce, "Kai, Auta, ina sauran yatsunka? Wa ya cire maka biyu?" Ta sake saurarawa. Ta ce, "Don wannan? Don wannan ka ƙi dawowa?" Ta ja tsaki irin nata, ta ce, "Yayarka tana hanya, ita za ta yi maka faɗan, ni na gaji." Daga nan ta yi salati, uwargida tana taya ta, ba ta sake magana ba.

Likita ya ce ruɗin ƙarshe ne, wai sau da yawa suna ganin nasu. Ke ma na san kin sha ganin irinsa a wurin aiki. Na yarda, don Autan da muka sani yatsunsa goma ne cif, ni na sha auna masa hannun riga. Amma ban iya shiga ɗakin ni kaɗai ba har yau, kuma ban bari an ɗauke bargon ba.

Ban gaya mata maganar tsuntsaye ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta tafi fuskarta a sake.

Kada ki yi gaggawa a hanya, ki lallaɓa gwiwar, yanzu babu abin sauri. In kin sami wani labari wurin tsohuwar nan ta sama da kogi, ki riƙe shi sai kin zo, ki gaya min da rana, a shago, ƙofa a buɗe.

Ɗan kawunki,
Tela